Goron Haladu

Ku da kuka san marigayi Haladu na garin Turawa kun san ba a miƙa masa goro ya kai baki. Ko a wajen suna ko ɗaurin aure, sai ya juya shi a tafin hannu, ya duba ko ya fara tsiro, ya jefa a aljihu. Iri ne. Ni taubashinsa ne, kuma karatuna bai wuce sanin alif ba, amma ko ni na san goro ɗan Kurmi ne, ba ya yi a ƙasarmu. Haladu ya ce sai ya ci na lambunsa kafin ya mutu.

Dalili kuwa, da ƙuruciya ya taɓa yin dako a Shagamu, ya ga bishiyar da idonsa. Shi ke nan fa! Mangwaronsa da gwaibarsa suna zuba, ko kallo ba su ishe shi ba.

Wata safiya na leƙa lambun na tarar da shi a tsugune gaban wani tsiro, yana ta "Eka'aro, eka'aro."

Na ce, "Haladu, lafiya? Ko a kira mai ruƙiyya?"

Ya ce, "Kai jahili ne. Baƙo ne, da yaren garinsu ake gaishe shi."

"To, me ya amsa?"

"Ya fi ka ladabi, shiru ya yi."

Kafin sati baƙo ya bushe.

Daga nan ya ce laifin ƙasa ne. Ya roƙi wani direban babbar mota ya ɗebo masa buhun ƙasar Kurmi. Direba ya manta, sai da ya iso Zoza, nan kusa da gida, ya tsaya ya cika buhu a bakin hanya. Haladu ya damƙi ƙasar ya shinshina, ya lumshe ido. "Allahu akbar! Ka ji ƙamshin Shagamu." Abin mamaki, a ƙasar nan ce guda ɗaya ya kama.

Shekarun farin nan na tamanin da wani abu, da rijiyoyi suka ja baya, ya mai da alwalarsa gindin shukar don kada ɗigo ya tafi a banza. Liman ya ce, "Malam Haladu, wannan yawan alwala, ta Allah ce ko ta goro?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, niyya ta Allah ce, rara ta goro."

Bishiya ta kai tsayin mutum ta tsaya nan. Shekara da shekaru ko fure babu. Da ciwo ya kwantar da shi, duk wanda ya shiga dubiya tambaya ɗaya ce: "Ta yi?"

Sai ni da Ardo Buba, abokinsa na garin Fulatan, muka yi shawara. Muka sayi jan goro, muka sami allura da zare, muka rataye shi ɗai-ɗai a rassa. Kai, ta yi kyau! Muka tallafo shi har lambu.

Ya daɗe yana kallo. Can sai dariya ta kama shi har da tari.

"Wayyo, 'yan ƙauye! Wa ya gaya muku goro tsirara yake fitowa? A cikin kwanso yake, kore, ƙato!"

Ardo ya dube ni. "Ka ce ka sani."

Na ce, "Ni ina na taɓa wuce Zariya?"

Haladu ya miƙa hannu, ya tsinko ɗaya, ya zare zaren, ya ɓara ya ciza. Ya tauna a hankali, ya ce, "Ku shaida dai, daga bishiyata na tsinka."

Bai ga damina ba. Allah ya jiƙan Haladu, ya yafe masa, ya ba shi lambu a Aljanna inda duk abin da ya shuka zai yi 'ya'ya. Amin.