Injin Faskaren da Floridor Ya Gyara wa Matarsa

Mutum in likita ya gaya masa kwanansa sun kusa, wani coci yake nufa, wani kwalba. Maƙwabcina Floridor Barría rumfar itace ya nufa.

Shekara arba'in yana faskare a nan bayan garin Chonchi, da gatari tukuna, daga baya da injin da ya saya na hannu. Gidan da bai tara busasshen itace kafin ruwan Afrilu ba, sanyi da tari zai sha har Satumba. Shi da matarsa Orfelina ba su haihu ba. Ranar da ya dawo daga asibitin birnin Castro da takardar ciwon daji a aljihu, abin da ya fara ce mini shi ne, "Ba za ta iya jan igiyar tayar da injin nan ba."

Gaskiya ne. Injin nan sai ƙato ke tayar da shi, ita kuwa sanyin ƙashi ya kanannaɗe mata hannun dama.

Na ce, "Haba Floro, mu muna ina? Ai ma faskara mata."

Ya ce, "Shekarar farko za ku yi. Ta biyu ku yi da ƙyar. Ta uku ta zama mai roƙo."

Na ji haushi ƙwarai, don na san bai yi mana ƙarya ba.

Janairu ɗungurungum a kan injin ya ƙare. Ya kwance tsohon kan injin mai igiya, ya ɗora ƙarami mai makulli da batir. Ya sake tiyon mai duka, ya sa dogaye, don sandar da ake ja ta koma hagu, daidai ƙugun Orfelina. Da ta ƙi fitowa a auna, da siket ɗinta na kan igiyar shanya ya auna. Sannan ya matse hanyar man har ƙarfen da ke tura gungume ya koma tafiyar kunkuru. Maza suka yi ta tsokanarsa, wai kowa sauri yake nema, shi ya mai da injinsa tsoho irinsa. Bai kula su ba.

Aiki ya kammala, Orfelina ta ce ba da ita ba. Kullum da safe sai ya kira, "Tsohuwa, zo ki gani."

"Dankali na kan wuta."

Haka Fabrairu ya wuce, Maris ya shigo. Mutum ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, amma zai ja jiki ya fito, ya fasa gungume huɗu, ya zauna yana haki, ya sake kiranta. Ranar da na gan shi ya jingina goshi da ƙarfen, sai na faɗa kicin ɗin ban ko yi sallama ba.

"Doña Orfelina, wannan wane irin taurin kai ne? Mutumin nan ƙarfinsa na ƙarshe ya zuba a injin nan dominki."

Ba ta juyo daga taga ba. Ta ce, "A duba mai, a buɗe fetur, a murɗa makulli. Tiyo in yana yoyo ba a shafa shi da hannu. Tun Janairu na iya, maƙwabci. Daga nan nake kallo."

"To me ya hana ki?"

"Ranar da ya ga na iya, me zai sake tayar da shi daga gado?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Na sha shayin mate ɗin da ta miƙo mini, na fita.

Tsakiyar Afrilu ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Duk da haka ya sa na saka masa takalman aiki a kan gado, wai in ya huta zai fita, don har yanzu bai koya mata ba. Yana ta kici-kicin tashi yana komawa, har hawaye. Orfelina ta tsaya a ƙofa ta dube shi, ta yafa mayafi ta fita.

Can sai muka ji injin ya tashi ta bayan bango.

Floridor ya ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Ita ce."

Ya kasa kunne. Gungume ya tsage, aka ɗan jima, wani ya tsage. Ya saurara har na biyar, sannan ya mai da kai kan matashi.

Ya ce, "Cire mini takalman nan."