Babin da Na Tsallake

Gwaggo, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Umma. Duk shekarun da na yi ina saukowa shagonki bayan makaranta, ban koyi ɗinki ba. Ko maɓalli ban iya dasawa daidai ba. Yau da ba kya nan, zan faɗi abin da muke yi.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, na dawo na tarar da shagonki na ƙasan benenmu a rufe da rana tsaka, Umma kuma tana zaune a kan matakala. Ta ce, "Gwaggo mai ɗinki ta rasu ɗazu a asibiti." Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ban yi kuka a wurin ba, sai da na hau sama na ga siket ɗin makarantata da kalmasar hannunki a gindinsa.

Ba mu haɗa jini ba, zaman maƙwabtaka a ƙasar da ba tamu ba ne ya sa kika zama gwaggon kowa. A nan aka haife ni. Ina jin Hausa, amma in an yi min magana da yaren makaranta nake amsawa. In Kaka ta bugo waya daga gida, banɗaki nake shigewa in kunna famfo, don bayan "lafiya lau" ba ni da sauran abin cewa. Wata rana na ji ta tana tambayar Umma, "Wai yarinyar nan babu baki kuka haife ta?" Kowa ya yi dariya. Ni kuwa na tabbata Kaka za ta bar duniya ba ta san wace ce ni ba.

Siket ɗin nan ne ya fara kai ni wurinki. Ina jira ki rage masa tsawo, na buɗe littafin soyayya na ɓoye shi a bayan jaka. Ba ki ko ɗago kai daga keke ba kika ce, "Shiru-shiru, me ake ciki a nan?"

Na ce labari ne.

"Na me?"

Na ce na so, murya kamar ta sauro.

"To ba ni. Ni idona ba ya gane rubutun mutanen nan. Amma da Hausa za ki ba ni, kunnena ba ya cin baƙon abu."

Haka muka fara. Umma ta ɗauka sana'a nake koyo, ke kuma kika bar ta a haka. In karanta babi a ɗaki, washegari in zauna kusa da teburin guga in juya miki shi da gurguwar Hausata. Ba ki taɓa yi min dariya ba. In na maƙale, sai ki jefo min kalmar kina ci gaba da taka keke, kamar mai miƙo almakashi. A wurinki na samu kewa, da bege, da ɗoki, da fargaba. Dā ina jin su a ƙirjina, ban san suna da suna a harshen uwata ba.

Samarin littafin ne ba su tsira daga bakinki ba. "Wannan daga sama ya faɗo? Tun da aka fara ban ji ya gaida uwarsa ba." Da yarinyar ta tsaya cikin ruwan sama tana kuka kika ce, "Ta ci gaba, mura za ta aura." Masu kawo gyara daga ƙasashe iri-iri suna shigowa su tarar da mu muna ƙyaƙyatawa, ki gaishe da kowa da ɗan abin da kika tsinta na yarensa, ki auna, ki sa alli, ki juyo ki ce, "Sai aka yi yaya?"

Ranar da na ce miki ni ba 'yar nan ba ce, ba kuma 'yar can ba, sai kika juya wata kwat da ke hannunki. Kika ce, "Yadin waje daban, na ciki daban, kuma riga ɗaya ce. Mai sawa ya san wanda ke taɓa jikinsa."

Ga abin da na fi son ki ji. Wata rana na manta littafina a shagon ya kwana. Washegari muka iso babin da saurayin ya sumbaci yarinyar, kunya ta kama ni, na tsallake shi gaba ɗaya. Sai kika ce, "A'a, ina inda ya bi ta har tashar jirgi da takalmi ƙafa ɗaya?" Ni kuwa ban taɓa ba ki wannan wurin ba. Kika duƙa kina neman kafar allura, alhali da zare a cikinta. A nan na gane kina karanta yaren nan sarai, wataƙila ma kin fi ni. Ba labari kike nema ba, bakina kike buɗewa. Ban nuna na gane ba. Kashegari kika ce idonki ba ya gani, ni kuma na ci gaba.

Bara Kaka ta bugo, na karɓi wayar da kaina. Muka yi ta hira har batir ya mutu. Ta ce, "Wa ya warware miki ɗinkin bakin nan? Allah Ya yi masa albarka." Addu'arki ce, Gwaggo, na riƙe ta ban isar ba, don kunya. Ga ta yanzu. Na gode, na gode.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya yalwata makwancinki, Ya sa haske a cikinsa. Yadda kika rufa wa Hausata asiri, Allah Ya rufa naki ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki, Antinmu mai aikin jinya, da ƙaninki, da 'yar jikarki, da duk wanda ya taɓa shigowa shagon nan da yagaggen kaya ya fita da shi a gyare. Allah Ya ba mu haƙuri.

Na rubuta wannan ne da niyyar in ninke shi in sa a cikin littafin da ba mu ƙarasa ba. Amma da muka je gaisuwa, ina rakuɓe a lungu na ji Anti tana gaya wa Umma cewa tana yarinya ta hana ki yi mata Hausa a gaban ƙawayenta, ga shi yanzu 'yarta ko "zo nan" ba ta ji. Ta ce ba ta san da wa kike hira duk yinin nan ba.

Gobe zan kai mata takardar nan. In karatun ya yi mata wuya, zan zauna in karanta mata da bakina, jikarki tana kusa. Wannan karon ba zan tsallake komai ba.