Sadakar Ukun Abdulrasheed

Tun da maigidana ya rasu nake dafa abinci a wani ɗaki bayan kasuwar Canaan a nan China, 'yan kasuwarmu na Kano da Maraɗi su hawo su ci. A nan na san Abdulrasheed.

Karatun kimiyya ne ya kawo shi China, da ya gama bai koma gida ba. A wata masana'antar jakunkuna yake aiki a Shiling, shi ke haɗa rini yana gwada shi a zafi. Da can jaka in ta sha ranar Kano sai ta fara ɓarewa tun tana rataye a shago. Shi ya yi ta gwaji har ya gano gyaran. Masu sari sun san hannun waye, amma sai su ce masana'antar ce ta iya aiki. Kowa ya san gida ɗaya yake zaune da wani ɗan China mai suna Liang, kuma ba zaman haya ba ne.

Sai an watse yake hawowa cin abinci, kullum da littafi a hannu.

"Inna Mas'uda, ki ajiye wa Amira wannan in ta zo hutu. Labarin wasu mata biyu ne da suka tsufa tare."

"Astagfirullah. 'Yata ba za ta karanta ba. Miƙo min albasa."

Sai ya yi dariya ya fara ba ni labarin da baki. Miya na neman ƙonewa, ni kuma ina tambayar wa ya yi jinyar ɗayar da ta kwanta. Yakan ce masana irinsa da yawa sun yi aikin da aka amfana da shi, aka ɗauki aikin aka bar sunan. Yakan lissafa su, ban riƙe ko ɗaya ba.

Zuciya ce ta buga masa a wurin aiki. Waɗanda suka tsaya sallarsa ba su cika sahu ɗaya ba.

Washegari Liang ya zo da buhun shinkafa da kaji. Ya yi rubutu a waya, ta fassara min: ya ji muna dafa abinci ranar uku, duk wanda ya ci ya yi wa mamaci addu'a. Abin da yake so ke nan, a ambaci sunansa.

Ukun ta faɗo ranar Juma'a, an dawo daga masallacin Huaisheng, ɗakin ya cika. Na ce yau sadaka ce. Alhasan mai jakunkuna ya ɗebi loma.

"Ta wa, Hajiya? Ta maigida?"

"Ta Abdulrasheed."

Ya mayar da lomar cikin faranti, ya goge hannu. Wani ya tuna yana da kaya a kargo, wajen masu tura kaya gida. Ɗaya bayan ɗaya suka nemi takalmansu. A bakin ƙofa Alhasan ya rage murya.

"Da kin ce ta wani bawan Allah ce, da mun ci mun yi addu'a."

Na rasa inda zan sa idona. Na zauna gaban farantan nan, na ɗaga hannu ni kaɗai, na kira sunansa da na mahaifinsa.

Liang yana tsaye a ƙasan bene, ya ga fitarsu. Da na sauko ya nuna min wayar: sun yi addu'ar?

Na ɗaga masa yatsa ɗaya, wato mutum ɗaya. Ya sunkuya yana min godiya, sau da yawa, ni kuma ina ta gyaran mayafi.