Ragon Nomau da Bai Yanku Ba

Da asuba, kafin a fito daga masallaci da kyau, Nomau yakan kasance a garkarsa, lambun da ke bayan garin Akokan, da hular kwano ta aikin rami a kansa da fitilarta a kunne, yana tsinkar ganyen kabeji yana zubawa a buhu. Hular ce kaɗai ya fito da ita lokacin da aka rufe ramin yuraniyam a 2021. Tare muka yi aiki a ƙarƙashin ƙasa, ni da shi. Ba mai magana ba ne, shi ya sa muka shirya.

Da aka rufe ramin, yawancin mutanenmu suka koma kudu. Nomau ya ƙi. A garinsu can Adar 'yan'uwansa sun daɗe da raba gonar gado, ba su bar masa ko wurin ɗaure jaki ba. Nan kuwa yana da garka da tumaki kaɗan. Matarsa Balki ta haƙura shekara biyu, sannan ta kafa masa sharaɗi a gabana: in kiwon nan kiwo ne, to bana gidan ya yi layya da ragon da ya tashi a gidan. In ba haka ba, su koma Tawa gaba ɗaya. Nomau ya ce ya ji.

Akwai ɗan rago fari mai baƙin kunne da tunkiyarsa ta haifa, shi ya ware. Sauran tumakin yakan miƙa su ga Rhissa, Buzun da ke kora dabbobin unguwa zuwa ƙorama su yi kiwo. Wannan kuwa ya tsare shi a garka, ya sa masa suna Shef, yadda muke kiran shugaban aiki a rami.

A rami muna da al'ada. In lokacin cin abinci ya yi, ba ka ci kai kaɗai. Ka karya burodinka biyu, ka ba wanda ke kusa da kai, ko kuna faɗa. Nomau bai daina ba. Da hantsi yakan zauna gindin bedi, ya fito da burodi daga aljihu, ya karya biyu. Shef ne ke kusa.

Rhissa ya gan su wata rana, ya ce masa ragon yanka ba a ba shi abinci a hannu, a ƙasa ake zuba masa a juya baya. Nomau ya ce burodin ne ya bushe, ba ya son ya zubar.

Ragon ya yi ƙiba. Har daga Arlit mahauta suka zo kallonsa. Balki ta sayi itacen gashi, ta feƙe sandunan da ake banƙare rago a kansu a jera kewaye da wuta, ta wanke tukunyar suya.

Ranar salla bayan idi, ni na riƙe ƙafafun Shef. Mun kwantar da shi ya fuskanci gabas. Nomau ya durƙusa da wuƙa. Ragon ya miƙa wuya, ya cusa hanci a aljihun sabuwar rigarsa. Nomau ya gwada wuƙar a farcensa.

"Ba ta da kaifi, Fatahu," in ji shi.

Ni na wasa wuƙar nan da hannuna jiya. Na saki ƙafafun.

Ya tafi neman maƙeri. Ranar salla babu maƙeri. Washegari ya samu maƙerin, ya dawo ya ce ƙotar ce ke rawa. Rana ta uku, wadda daga ita lokacin layya ya wuce, na ce ya ba ni in yanka masa. Ya ce raunin da ke ƙafar ragon yana ba shi shakka. Na duba ƙafa huɗu, ban ga rauni ba. Haka rana ta faɗi.

Gidan ya ci nama, na maƙwabta. Kowa ya aiko, har Rhissa ya aiko da cinya. Balki ta soya, ta raba wa yara, ta sa wa mijinta nasa. Da ya gama ta ce, "Malam, ran Alhamis akwai mota."

Bai yi gardama ba. Ya bar wa Rhissa tumakin, ya bar mini garkar da hular kwano. Ban san me zan yi da hular ba, tana nan rataye.

Ran Alhamis na raka su tasha. Balki da yara suka shiga gaba. Motar, babba ce ta kaya, ta cika da katifu da buhuna, a can sama aka ɗaure Shef. Direba ya ce akwai wuri ɗaya a ciki. Nomau ya ce iska ta fi masa. Ya hau, ya zauna kan buhu kusa da ragon. Motar na tashi na ga ya sa hannu a aljihu, ya fito da burodi, ya karya biyu.