Gwaggon da Ta Ajiye Almakashi Ta Ɗauki Goyo

Kafin a buɗe ƙofar kamfanin ɗinki, Gwaggo ta riga ta share ɗakin baya, ta shimfiɗa tabarmi, ta ɗora ruwan zafi. Sai ta tsaya bakin ƙofa tana karɓar 'ya'yan ma'aikata, tana yi wa iyayensu faɗa. Wannan ba a sa masa hula ba, waccan an kawo ta da majina har baki. Ba mai jin haushi, domin tana faɗan ne hannunta na goge majinar.

Baƙo zai ɗauka tun asali mai raino ce. Ina! Lokacin da aka kafa kamfanin, mai ɗinka kayan makaranta da rigunan ma'aikata, Gwaggo ce mai yanka. Ita ke kan babban tebur da alli da almakashi, kuma in ka cire manaja, ba wanda ya kai ta albashi.

Gari ya yi ta buɗewa, aiki ya ƙaru, aka ɗebi mata da yawa, su kuwa da goyonsu suke zuwa. Rannan ɗan ƙanwata, yana rarrafe, ya kai hannu ga bel ɗin keken ɗinkin uwarsa. Allah ya taƙaita, fatar yatsa kawai ta ɗaye. Manaja ya tsorata, kuma ban ga laifinsa ba. Ya tara matan ya ce daga mako mai zuwa ba yaron da zai sake shigowa. Wadda ba ta da inda za ta bar nata, ta zauna a gida.

Ƙanwata ba ta daɗe da rasa miji ba, keken nan shi ne cinta da shanta. Ni yayanta kuwa a lokacin ko kaina ban gama riƙewa ba. Ta zo mini da kuka, na yi ta ba ta haƙuri, don abin da nake da shi ke nan. Irinta sun fi goma.

Waɗanda ke wurin sun ce Gwaggo ko alli ba ta kakkaɓe daga hannunta ba ta shiga ofis.

"Manaja, ɗakin bayan nan da kuke tara ƙyallaye, ba ni shi."

"Ki yi me da shi, Gwaggo?"

"In zuba yara."

"Wa zai kula da su? Ba ni da halin ɗaukar mai raino."

"Ni da ke tsaye gabanka, itace ce?"

"To, yankan fa?"

"Mataimakiyata ta iya tun tuni, tsorona ne ya hana ta nunawa. Bari in tashi daga teburin ka gani."

Ya ce mata albashin ba zai kai na dā ba, ko kusa. Ta ce ta ji, ya miƙo makulli. Ba macen da ta bar aiki a makon nan.

Ke ce, Gwaggo, kika sauka daga kan teburin da kowa ke hange, kika koma wankin zanen goyo. Ke ce mai leƙowa ki ɗaga hannu, uwa ta tashi ta shayar ta koma kan kekenta. Uwar 'ya'yan kamfani, mun gani, kuma ina jin kunyar daɗewar da muka yi ba mu faɗa ba.

Shekaru sun shuɗe. Bana gwiwa ta ce ta gaji, Gwaggo za ta huta, ga kamfani zai koma sabon gini. Hankalin masu goyo ya tashi, nawa ma haka, don na san manajan nan bai cika tuna abin da ba ya kawo riba ba. Ashe na zalunce shi. Ranar da aka zagaya da Gwaggo sabon ginin, ya buɗe mata wani ɗaki jikin zauren ɗinki, mai taga babba da famfo. Kowane keke kuma an rufe bel ɗinsa da ƙarfe. Mai gyaran kekunan ne ya dage a kan haka, wato ɗan ƙanwata, wanda har yau tabon yana yatsarsa.

Gwaggo ta dubi ɗakin ta ce, "Ɗaki ya yi. Wa zai zauna a ciki?"

Ƙanwata, wadda yanzu ita ce shugabar masu ɗinki, ta cire igiyar awo daga wuyanta ta ajiye a kan taga.

"Ga ni, Gwaggo."

Tsohuwa ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce tabarmar da aka shimfiɗa ta yi kusa da ƙofa, a ja ta ciki.

Mun gode, Gwaggo, Allah ya ba ki lafiyar gwiwa. Ku kuma masu kafa sababbin masana'antu a garin nan, kafin ku lissafa kekuna, ku tambayi matan da za ku ɗauka inda za su kwantar da goyonsu.