Malama Rifkatu, uwar Bulus

Ina cikin aji ranar Talata hedimasta ya kira ni waje. Ya ce, "Malama Saratu, Rifkatu ta rasu. Ta faɗi a bakin famfo da safen nan."

Shekara goma sha ɗaya muna koyarwa tare a wata firamare a Kafanchan. Ɗanta Bulus yana da otizim. Ya kai shekara biyar bai yi magana ba, ba ya kallon mutum a ido, ƙarar ganga a coci takan sa ya toshe kunne yana kuka. Likita ya ce a riƙa kai shi Jos sau biyu a wata, wurin masu koya wa irin waɗannan yara magana. Zuwa biyun nan da kuɗin mota sun fi albashinta.

Ta sayar da aladunta, daga baya ta sayar da gonar cittar da babanta ya bar mata. Dangin mijinta suka ce aikin mayu ne, a daina ɓarnar kuɗi. Amsarta ɗaya ce kullum: "Yarona ba asara ba ne, tsada kawai gare shi."

A bara na lura ta daina shan maganin hawan jini. Na yi mata faɗa. Ta ce, "Saratu, kuɗin maganina na wata ɗaya, shi ne kuɗin awa guda ta Bulus a Jos. Ki zaɓa mini." Na bar maganar a nan, kuma abin yana cina har yau.

Sau ɗaya ta miƙe a taron zumuntar mata na coci ta roƙi taimako. Muka yi mata addu'a, muka tashi. Amma da ta mutu, cikin kwana biyu muka tara kuɗin akwati, da rumfa, da shinkafa, da atamfar anko, abin da zai kai Bulus Jos har shekara guda. Ni ma na bayar.

Ranar Alhamis ce ranar zuwan Bulus Jos. Har aka gama jana'iza ban ji wanda ya tambayi wa zai kai shi ba.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Rifkatu, ka ba ta hutun da ba ta samu a wurinmu ba. Ka ta'azantar da mijinta, ka riƙe Bulus. Mu kuwa da muka iya binnewa muka kasa taimako, ka gafarta mana. Amin.