Ranar da Na Yafa Fatar Maraƙi

Shekarun baya, tun mahaifiyata na da rai, muna da wata farar saniya a gidanmu da ke wajen Kausani. Ita kaɗai ta rage daga shanun mahaifinmu, kuma nononta ne ke riƙe da gidan. Inna ta dama fura da shi, ta kaɗa mai, abin da ya ragu a kai Wudil a sayar. Ni ne mai tatsa. Waɗanda suka san ni sun san waswasina. Ni ne mutumin da zai ɗaure saniya a turke, ya kai ƙofar gida, ya dawo ya duba ƙullin, sannan ya sake dawowa ya ga ko dubawar da ya yi ba ta sassauta shi ba.

A farkon wata damina ta haifi ɗan maraƙi ja mai farin goshi. Bai yi ƙwari ba zawo ya kama shi. Mun yi iya abin da muka sani, amma wata rana da hantsi ya miƙe ƙafafu ya mutu a gaban uwarsa.

Ga wanda bai taɓa kiwo ba, shanunmu na gida ba sa sakin nono haka kawai. Sai an kawo ɗan, ya ɗan tsotsa, ya tunkuyi hantsar da kansa, uwar ta lashe shi, sannan nonon ya sauko. Daga nan a janye shi a ɗaure kusa da fuskarta, a tatsa. In babu ɗa, sai ta riƙe abinta. Hantsar ta cika, ta yi tauri, ta yi zafi, amma ko ɗigo ba za ka samu ba. In aka daɗe a haka, nonon ya ƙafe gaba ɗaya.

Na ɗauki fartanya ina jan gawar zuwa bayan gida sai ga abokina, wani Bafulatani da muka tashi tare, ya fito daga hanyar rugarsu.

"Kai Kaɗo, ina za ka kai shi?"

"Binnewa zan yi."

"Nononku za ka binne dai. Miƙo wuƙa."

Na ce masa ai mushe ne. Ya ce, "Ni na ce ka ci? Riƙe min ƙafar nan, in hannunka ba zai karye ba." Ya feɗe shi tsaf, har da fatar kai da kunnuwa, ya barbaɗe ta da gishiri, ya rataye a inuwar rumbu. Ya ce a bar ta ta sha iska, zai dawo.

Kafin ya dawo, saniyar ta ƙi komai. Ba ta yi kukan da na zata ba. Tsayawa kawai take ta kafa ido a gurbin da ɗan ya mutu. In na tsuguna da ƙwarya sai ta ɗauke numfashi, ta ƙanƙame jiki kamar itace. Yayana, wanda ke zaune a Sabon Gari kuma shi ke saya mata dusa, ya zo ya matsa hantsar, ya girgiza kai.

"Inna, saniyar da ba nono ai ci kawai take. In ba ta saki ba, Juma'a a kai ta kara, kasuwar shanu. Mahauta na nan."

Inna ta shige ɗakinta. Ni kuwa tun daga lokacin duk na kalli wuyan saniyar, wuƙa nake gani.

Bayan kwana biyu abokina ya dawo da la'asar. Ya cusa wa fatar ƙaiƙayi da harawa, ya ɗinke cikin da igiyar kaba, ya sa mata sanduna a maimakon ƙafafu. Da ya tsayar da shi a tsakar gida sai na ja baya. Maraƙinmu ne, da jan gashinsa da farin goshinsa, sai dai inda idanu suke ramuka ne biyu, tsinken harawa na leƙowa ta ɗaya. Kajin gidan duk suka bar wurin.

Ya yayyafa masa ruwan gishiri ya ajiye a gabanta. Ta sunkuya ta shinshina tun daga wutsiya har kai. Ta daɗe a kan ramukan nan. Sannan ta yi wani ɗan gurnani can cikin maƙogwaro, irin wanda saniya ke kiran ɗanta da shi, ta fara lasa. Ina tsugune na ji hantsar ta yi laushi a tafina, nono ya fara zuba a ƙwarya.

"Ka gani? Kaɗo sai tsoro," in ji abokina.

Na so in yi dariya, amma da na ɗaga kai sai na ga ba maraƙin take kallo ba. Harshenta na kan fatar, idonta kuwa ta gefe yana kaina, ba ta ko ƙiftawa.

Washegari na je wurin malamin unguwarmu da tambayoyi cike da baki. Shin yaudarar dabba ba zalunci ba ne? Nonon da aka samu ta hanyar mushe ya halatta? Wannan abin ba mutum-mutumi ba ne? Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Nonon daga jikin saniya ya fito, ba daga fatar ba. Ka ware rigar tatsa daban, ka wanke hannunka. Kuma kai dai Allah Ya raba ka da waswasi." Na dawo gida na wanke hannun har fatar yatsuna ta fara saɓa.

Juma'a ta wuce, yayana ya ga ƙwarya cike ya janye maganarsa, amma ya ce duk ranar da ta sake riƙewa magana tana nan. Muka ci gaba a haka, safe da yamma. In an gama tatsa sai in kai maraƙin ƙarƙashin rumbu in juyar da fuskarsa bango, don ba na son ramukan nan su dube ni. Sau da yawa in na zo ɗaukarsa sai in tarar ya karkato, fuskarsa na fuskantar turken uwarsa. Abokina ya ce akuyoyi ne ke jan harawar. Wataƙila haka ne. Amma ban taɓa kama akuya a wurin ba, kuma ban taɓa tarar da shi ya karkata wani gefen daban ba.

Lasar yau da gobe ta cinye fatar. Wata safiya, hadari ya haɗu, garin ya yi duhu-duhu kuma iska ta tsaya cik, ina cikin tatsa sai na ji ɗinkin ya ɓalle. Cikin maraƙin ya buɗe, ƙaiƙayi ya zubo. Saniyar ta dakata. Sai ta zura baki cikin ramin, ta jawo harawar, ta fara tauna a hankali. Ina kallo ta cinye cikin ɗanta loma bayan loma, har sandunan suka faɗi, fatar ta kwanta a ƙasa fayau kamar tsumma. Nonon da ke zuba a hannuna ya tsaya.

Na ajiye ƙwaryar. Abokina ya tafi da shanunsu mashaya mai nisa, fatar kuma ta yage yadda ba za ta sake ɗinkuwa ba. Da yamma na gwada shimfiɗa ta a gabanta, ta shinshina ta kau da kai. Washegari ma haka. Hantsar ta sake yin tauri, ga Juma'a tana tahowa.

Inna ce ta fito daga ɗaki da yammacin ranar, ta tsaya tana kallonmu. Ta sunkuya ta ɗauki fatar ta kakkaɓe.

"Tsuguna nan gabanta."

"Inna, mushe ce fa."

"Na san mushe ce. Ruwa ya ƙare a rijiya ne? Tsuguna."

Na tsuguna. Ta yafa min fatar a baya, kan maraƙin ya sauko a ƙeyata, kunnuwansa busassu suna gogar nawa. Warin gishiri da tsohuwar fata ya cika min hanci. Na runtse ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na ji hucin saniyar a wuyana, mai ɗumi, a hankali. Sai wannan gurnanin. Sai harshenta, mai kaushi kamar dutsen goge ƙafa, ya bi fatar, ya zarce ya sauka a kan wuyana da kunnena. A bayana na ji Inna ta jawo ƙwarya, na ji sautin nono yana bugun ƙasanta.

Tana tatsa na ce mata, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, tana tsammanin shi ne?"

"Ta sani tun ranar farko," in ji ta. "Wace uwa ce ba ta san ɗanta ya mutu ba? Abin da ya cika mata jiki take neman wanda za ta sauke wa." Inna ta binne 'ya'ya uku kafin ta haife ni, don haka ban ƙara tambaya ba.

Ba a kai ta kara ba. Har ƙarshen shayarwar nan ni ne maraƙi, Inna ce mai tatsa. Da fatar ta gama rududdugewa muka gwada ba ita, sai ta lashi wuyana ta saki nono kamar kullum. Abokina da ya dawo ya ji labari ya yi dariya har da hawaye, ya ce zai zo ya yi min shaidar garkensu a kunne. Ta rayu shekaru bayan haka, ta sake haihuwa, ta mutu da tsufanta a turkenta.

Har yau ban gama sanin yadda zan ɗauki abin ba. Na shiga lamarin ina tsoron na yaudari dabba, na fito ina ganin ita ce ta zaɓi abin da za ta yarda da shi. Yanzu ba na kiwo, shekaruna kuma sun ja. Amma wani lokacin da yamma, in na bi ta bakin kogi shanu na shan ruwa, wata uwa ta yi wannan ɗan gurnanin tana kiran ɗanta, sai in ji tsikar wuyana ta tashi. Kafin in yi tunani, na riga na waiwaya.